"Tunani ne ya kashe shi": yadda halin rayuwa ke zama ciwo a jikin mutanen Kaduna

A zaman makoki a Kaduna, sau da yawa sanadi biyu ake faɗa. Ajali dai na Allah ne, kowa ya yarda. Amma akwai sanadin da likita ya rubuta a takarda: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda. Akwai kuma wanda ake faɗa ƙasa-ƙasa a kan tabarma bayan an shafa fatiha. "Ai tun da aka sallame shi daga aiki bai sake lafiya ba." "Tun da aka ɗauke ɗanta ba ta ƙara barcin kirki ba." "Tunani ne ya kashe shi." Wasu 'yan boko a cikinmu kan ɗauki wannan a matsayin zancen jama'a kawai. Ni a ganina masu zaman makokin sun fi kusa da gaskiya fiye da yadda ake zato, kuma binciken likitoci na shekaru masu yawa yana goyon bayansu. Inda muke tafka kuskure shi ne abin da muke yi da wannan sanin. Mun yarda damuwa na kisa, sai muka taƙaita maganinta a jimla ɗaya: "Ka cire damuwa a ranka." Alhali damuwar mafi yawan mutanen garin nan tana da tushen da ake iya nunawa da yatsa: albashin da ba ya kaiwa tsakiyar wata, hanyar da ba a bi sai da fargaba, mai gidan haya a bakin ƙofa, auren da babu mai jin kukan wani. Mutum bai isa ya cire abin da ba shi ya sa ba.

Yadda abin da ke zuciya ke isa ga jini da tsoka ba sihiri ba ne. A ce mutum ya ji harbi a bayan layinsu cikin dare. Nan take ƙwaƙwalwa za ta aika saƙo zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zubo sinadarai cikin jini, manyansu adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su matse, hanta ta saki suga don ƙafa ta samu ƙarfin gudu, narkewar abinci ta dakata, barci ya ƙaurace wa ido. Wannan rahama ce, da ita ake tsira, kuma an yi ta ne don ta ɗan jima ta lafa. Sai dai jiki ba ya bambance harbin bindiga da kiran wanda ke bin ka bashi, ko tunanin kuɗin makarantar yara. Duk amsa ɗaya yake bayarwa. Wanda ya kwana ya tashi da irin wannan fargaba wata da watanni, jikinsa ya zama janareton da aka tayar aka ƙi kashewa: ba ranar farko zai lalace ba, amma kowa ya san ƙarshensa. Jini ya saba da zama a sama, suga ya ƙi sauka, kitse ya taru a ciki, garkuwar jiki ta yi rauni.

An auna wannan an gani. A 1995 wasu masu bincike a jihar Ohio ta Amurka sun ɗauki mata masu jinyar iyaye ko mazajen da tsufa ya rikita wa ƙwaƙwalwa, da wasu matan sa'o'insu da ba su da wannan ɗawainiya, suka yi wa kowace ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu. Raunin masu jinyar ya ɗara na sauran da kusan kwana 9 kafin ya warke. Duk wadda ta taɓa shimfiɗa tabarma a ƙasan gadon mara lafiya a Barau Dikko ko Dantsoho, tana wanki tana buga waya neman kuɗin allura, ta san halin da matan nan ke ciki.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi sauƙin gani. Mai damuwa ba ya barci, ba ya cin abinci a kan lokaci. Ya manta ranar komawa asibiti. Ya sha maganin hawan jini kwana uku ya ajiye, domin wanda ya fid da rai da gobe ba ya lissafin ƙwaya. Bincike ya nuna mai ciwon damuwa ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau uku wajen sakaci da maganin da likita ya rubuta masa. Wani kuma ya nemi abin da zai kashe masa tunanin, sigari ko tiramol ko wiwi, ciwo ya haifi ciwo.

A nan dole in yi kashedi, don kada a ɗauki maganar ta inda za ta yi ɓarna. Ba kowane ciwo ne tunani ya kawo ba. Shekara da shekaru likitocin duniya sun ɗauka damuwa ce ke haddasa olsa, sai wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa mafi yawanta wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi, wadda maganin mako ɗaya zuwa biyu ke kashewa. A kan haka suka samu kyautar Nobel a 2005. Har yau akwai masu kwankwaɗar madara da farin ruwan magani suna cewa tunani ne, alhali gwaji ɗaya zai raba gardama. Haka hawan jini: yana kama wanda ba shi da damuwar komai, ta gado, ta gishiri da dunƙule, ta ƙiba, ta shekaru. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dattijon da zai ce, "Ai likita, yanzu hankalina ya kwanta, yaron ya samu aiki, shi ya sa na daina sha." Idan hawan jini ya zauna a jiki, kwanciyar hankali na taimaka masa ya sauka, amma ba ta maye gurbin magani. Da yawa daga masu shanyewar ɓarin jiki suna jin kansu garau abin ya same su.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce, wa damuwa ta fi kayarwa? Mu a nan mun saba cewa ciwon zuciya na manya ne, masu kwana da lissafin miliyoyi. Wani dogon bincike da aka fara a Landan a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000, wanda Michael Marmot ya yi suna da shi, ya kifar da wannan zato. Da aka bi su shekara goma, sai aka ga masinjoji da masu tsaron ƙofa sun ninka manyan jami'ai na sama kusan sau uku wajen mutuwa. Kuma abin hawa-hawa ne: kowane mataki ya fi na samansa mutuwa, ya fi na ƙasansa tsawon rai. Dukansu suna da aiki, dukansu asibiti kyauta suke zuwa. Shan taba da ƙiba da makamantansu sun bayyana wani sashe na tazarar, amma bai kai rabi ba. Abin da Marmot da abokan aikinsa suka fi nunawa daga baya shi ne rashin iko: mutum ya wuni ana juya shi, ba a neman ra'ayinsa, bai san da me gobe za ta zo ba, kuma ba shi da ta cewa.

Duk wanda ya san Kakuri da Makera da Nasarawa a da, ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, sai UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo baya, Kaduna ta zama garin masaƙa. Masu aikin safe na shiga, masu aikin dare na fita a kan kekuna. Albashin ba wani mai yawa ba ne, amma an san ranar zuwansa. A kan wannan ranar mai shago ke ba da bashi, mai gida ke jiran haya, uwargida ke zubin adashi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka durƙushe. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki, wasunsu suka shafe shekaru suna zaryar neman kuɗin sallama, da dama suka rasu ba su karɓa ba. Abin da aka rasa ya wuce albashi. Mutumin da ya shekara ashirin yana fita da asuba yana dawowa da ledar cefane, yanzu yana zaune a ƙofar gida, matarsa na tuyar ƙosai tana riƙe da gidan, 'ya'yansa sun daina tambayarsa komai domin sun san babu. Zubewar girma irin wannan tana da nauyi a jiki. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna idan masana'anta ta rufe, ciwon zuciya da shaye-shaye da mutuwa na ƙaruwa a cikin waɗanda aka sallama, har shekaru bayan rufewar.

Abin bai tsaya a masaƙa ba. Tsakanin 2017 da 2018 an sallami malaman firamare sama da 21,000 a jihar bayan jarrabawar gwaji. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan dacewar matakin, gidaje masu yawa haka ne suka kwana da tambayar abin da za a ci. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024, farashin abinci ya bi ta. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fita, lissafin a fili yake. Mai ciwon suga da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai zaɓa tsakanin magani da mudun shinkafa. Sai ya raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe. Talaucin da ya tayar masa da jini shi ne kuma ya hana shi sayen abin da zai saukar da shi.

Sai tsoro, wanda Kaduna ta ɗanɗana iya ɗanɗana. Ɗaliban kwalejin Afaka da aka sace a Maris ɗin 2021. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda fasinjojinsa na ƙarshe ba su fito daji ba sai a Oktoba. 'Yan makarantar Kuriga a Maris ɗin 2024. Ga kuma waɗanda ake ɗauka ɗaya-ɗaya a gona da kan hanya, ba a ko jin sunansu a rediyo. Labarai na ƙirga waɗanda aka ɗauke da waɗanda aka sako, ba a ƙirga mutanen gida.

Ka shiga gidan da aka ɗauke musu mutum ka ga yadda ake ajiye waya. Tana tsakar ɗaki a kan caji, an ƙure ƙararta, an hana yara taɓawa. Ko saƙon kamfanin waya ne ya shigo sai kowa ya zabura. Uwa na kan sallaya, an kawo abinci ya huce an mayar. Ƙanin maigida na rubuta sunayen dangi a bayan takarda da abin da kowa ya kawo, ana cinikin gona da filin da aka ajiye don auren yarinya. Idan an kira, a ji muryar ɗan nasu yana kuka ana dukansa, a kashe wayar. Wata biyu, wata uku a haka. Ranar da aka sako shi a yi murna, a yi sadaka, maƙwabta su yi ta shigowa barka da arziki, bayan mako guda kowa ya koma harkarsa. Daga nan wani ciwon ke somawa a ɓoye. Shi ba ya barci sai da fitila, ƙarar babur na sa shi neman maɓoya, ya zama mai saurin fushi, ko ya yi shiru ya daina shiga mutane. Uwar an auna ta an ce jininta ya hau. Bashin kuɗin fansa na nan ana bi. Likitoci sun san wannan hali, suna da hanyoyin maganinsa, kuma ana samun sauƙi idan an kula. Amma mu abin da muke ce wa wanda ya dawo shi ne ya gode wa Allah ya manta. Godiya wajibi ce, ba gardama. Mantuwar ce ba a yin ta da umarni.

To ta yaya duk wannan ke isa gaban likita? Da wuya ya zo da sunansa. Mace 'yar shekara arba'in ta yanki kati tun da sassafe, layi bai zo kanta ba sai wajen azahar.

"Hajiya, me ke damun ki?"

"Likita, jikina ne duk ba daɗi. Kaina ya yi nauyi, tsakar kan zafi, wani abu na yi min yawo a jiki. Gabana na yawan faɗuwa. Ba na barci."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

A waje layi bai ragu ba. Ya rubuta gwajin maleriya da taifod. Gwajin taifod ɗin da aka fi yi, na Widal, yakan nuna akwai ko da babu, musamman a inda cutar ta zama ruwan dare. Sai a ba ta allurai da ƙwayoyi, ta ji dama-dama kwana biyu, bayan wata guda ta dawo, ko ta zarce kemis ta ce a haɗa mata irin na wancan karon. Tambayar da ba a yi ba ita ce, "Yaya gida?" Ba irin ta gaisuwa da ake amsawa da "lafiya lau" nake nufi ba. Irin wadda mai tambaya zai ajiye biro ya jira amsa. Da an yi, wataƙila a ji cewa maigida ya yi wata huɗu bai ajiye kuɗin cefane ba, ko an yi mata kishiya ba ta sani ba sai ana gobe ɗaurin aure, ko ɗanta na fari ya fara shan ƙwaya yana kwashe mata kayan ɗaki. Ba ƙarya take yi ba da ta ce jikinta na ciwo, ciwon na gaske ne. Kuma ban ɗora wa likitan laifin shi kaɗai ba, mutumin da 'yan mintuna ne rabon kowane mara lafiya a wurinsa.

Mun taso an koya mana cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma yana da tsada. Mace ta kai ƙara gidansu a ce, "Ki yi haƙuri, ki dubi 'ya'yanki," a rako ta ta koma. Namiji kuwa ko wannan ƙofar ba shi da ita: ba ya kuka, ba ya cewa na gaza. Ciwon kai ba abin kunya ba ne, shi ya sa zuciya ke aron bakin jiki ta yi magana. Wanda ya rasa wannan ma sai ya nemi kwalba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. An hana sayar da ruwan kodin a shekarar, hanin kuma ya dace. Amma dalilin da ya sa matar aure ke neman abin da zai kwantar da ita da rana tsaka yana nan inda yake.

Ba zan yi wannan magana in tsallake addini ba, domin shi ne mafakar mafi yawanmu, a masallaci ko a coci. Imani da ƙaddara, sallah cikin jam'i, addu'a, sanin cewa wahala na da lada kuma tana da iyaka, duk suna riƙe mutane a halin da ba don su ba da sun zube. Na yi imani da haka har zuciyata. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mai ciwon damuwa, "Rashin tawakkali ne, mumini ba ya shiga damuwa." Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi haƙuri mai kyau, duk da haka Suratu Yusuf ta gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Baƙin ciki ya taɓa jikinsa, imaninsa na nan daram. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Kuma a wata addu'a da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yawaita yi, ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, a jere da nauyin bashi da danniyar mutane. Damuwa da bashi da danniya, a addu'a guda. Limamin da ya karantar da wannan a kan mumbari, ya kuma gaya wa jama'a cewa ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti, zai isa gidajen da ƙafar likita ba za ta taɓa takawa ba.

Babban jarin da muke da shi mutane ne. A 2010 an tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, aka ga masu ƙarfin alaƙa da jama'a sun fi masu kaɗaici damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari, tasirin da ya yi kusa da na barin shan taba. Mu mun gaji wannan: majalisar bayan la'asar, dubiyar mara lafiya da kwanon abinci, adashi, maƙwabciyar da za ta karɓi yaro ta goya. Sai dai yana zaizayewa. Rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 sun raba garin gida biyu, akasarin Musulmi arewacin kogi, akasarin Kirista kudanci. Mutane suka bar maƙwabtan shekara talatin suka cunkushe a Rigasa da Tudun Wada, ko Sabon Tasha da Narayi, cikin baƙin fuskoki. Zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuma yanzu kuɗin mota take nema; wanda ke Rigachikun sai ya yi lissafi kafin ya je gaida 'yar'uwarsa a Unguwar Mu'azu. Kuma jama'ar nan da ke sauke wa mutum kaya ita ce ke ɗora masa wani: lefe, kayan ɗaki, gara, anko, "me mutane za su ce". Uban da ya aurar da 'ya yakan fito daga biki da bashin da zai shekara yana biya. Ma'aikaci ɗaya a dangi, mutum ashirin ke kallon albashinsa. Bazawara da matar da ba ta haihu ba suna tsakiyar mutane, amma gori ya sa sun fi kowa kaɗaici.

Idan abin ya fi ƙarfin gida, ina za a je? Kaduna na da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga kuma sashen da ke asibitin koyarwa na Shika. Amma sunan unguwar kansa ya zama abin gori: "Sai an kai ka Barnawa." Mutum zai gwammace ya shekara ba barci da a gan shi a bakin ƙofar, kada a ce akwai hauka a gidansu a fasa auren ƙannensa. Alhali cikin masu zuwa can akwai malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu jego, suna karɓar magani suna komawa harkokinsu. Ko da kowa ya yarda ya je, likitocin ba za su isa ba: ƙungiyarsu ta ƙasa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma wasu na ta ficewa waje. Wannan giɓin ne gidajen mari ke cikewa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da ɗaruruwan maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da ke kai 'ya'yansu irin wuraren nan akasari ba mugaye ba ne; ɗa ne ya gagare su, ba su san wata ƙofar ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa, ta ba mara lafiya haƙƙi a takarda. Kafin ta isa Giwa da Birnin Gwari da Kauru akwai jan aiki.

Babban sashe na maganin ba a hannun ma'aikatar lafiya yake ba. Fanshon da aka biya a kan lokaci, gonar da manomi zai je ya dawo, inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta ƙara isa ga ɗan keke napep da mai tuyar ƙosai: waɗannan duk aikin saukar da jini ne, kuma haka ya kamata a lissafa su lokacin kasafin kuɗi.

Sashen da ke hannun masu lafiya kuma ba sai an jira likitoci dubu ba. Tun a 1954 wani ɗan ƙasar nan, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, su wuni asibiti su kwana cikin mutane. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattijan mata, kakanni, su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, zama shida. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kawai kuwa kusan rabi.

Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma an yi shirin kowace ta samu cibiyar lafiya matakin farko guda mai aiki. Ma'aikacin da ke auna jini a cibiyar a koya masa ya ƙara tambaya biyu, ta barci da ta halin gida, ya rubuta amsar a kati gefen awon jinin. Kowace unguwa kuma na da irin matan bencin nan: ungozoma, malamar Islamiyya, shugabar zumuntar mata a coci, uwar adashi, waɗanda dama su ake kai wa kuka. Abin da suka rasa shi ne horo na 'yan makonni, ɗan alawus, alƙawarin riƙe sirri, da sanin iyakarsu, wato alamun da idan sun gani za su miƙa mutum asibiti: wanda ya wuce mako biyu ba ya jin daɗin komai, ci da barci sun gagare shi, mai jegon da ta kasa kallon jaririnta, wanda ke jin muryoyin da wasu ba sa ji, da duk wanda ya fara cewa mutuwa ta fi masa, ko da cikin wasa ya faɗa. Wannan na ƙarshen ba a barinsa shi kaɗai, ba a jira a ga ko zai huce, a ranar ake raka shi wurin likita.